HANTA DA CUTUTTUKANTA: ABIN DA BINCIKEN LIKITOCI YA GANO

1.0 Gabatarwa

Hanta ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Idan aka ga mutum biyu da ba sa rabuwa, akan ce ai su wane hanta da jini ne. Idan kuma tsoro ya kama mutum farat ɗaya, sai a ce hantarsa ta kaɗa. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa cuta kan yi shekara 20 ko 30 tana cin hantar mutum ba tare da ya ji ko ciwon kai ba, sai ranar da abin ya gagari magani. A ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2022 mutum fiye da 860,000 ne suka kamu da ciwon dajin hanta, fiye da 750,000 kuma suka mutu. Wato a jerin nau'o'in ciwon daji masu kisa, shi ne na uku a duniya.

Wannan maƙala za ta bi sawun binciken da likitoci suka yi a kan abubuwa uku da ke lalata hantar baligi sannu a hankali: ƙwayar cuta, gubar funfuna, da kitse. Daga nan za ta duba yadda ake gano ciwon dajin hanta, sannan ta kammala da kalmomin da muke amfani da su wajen bayyana waɗannan abubuwa da Hausa. Dalilin kawo batun kuwa a fili yake. Da yawa daga cikinmu gobe su ne za su zauna a ɗakin fassarar labarai na gidan rediyo, ko su rubuta takardun wayar da kai, ko su tsaya tsakanin likitan da ba ya jin Hausa da majiyyacin da ba ya jin Turanci. Wanda bai fahimci magana ba kuwa, ba zai iya fassara ta ba.

2.0 Hanta da aikinta

Hanta tana ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji, ta cikinta yake fara bi. Ita ce ke ajiye sukari bayan an ci abinci, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin yunwa ko azumi. Ita ce ke sarrafa ruwan matsarmama da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, ta tace magunguna da guba, ta kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Haka nan idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka mutu, sukan bar wani launi rawaya wanda hanta ke fitarwa. In ta kasa, sai launin ya taru, ido da fitsari su yi rawaya. Wannan shi ne shawara.

Hanta tana da haƙuri ƙwarai. Ko an yanke wani babban sashe nata, ragowar kan tofo ta cike gurbin. To, wannan haƙurin nata shi ne ke yaudarar mai ita. Idan wani abu ya daɗe yana sa ta kumburi, inda ya lalace sai ya warke da tabo. Tabo bisa tabo, har ta taurare ta yi kirci. A kan irin wannan taurarriyar hanta ce ciwon daji ya fi tsirowa. Ke nan matakan huɗu ne: kumburi, tabo, taurarewa, sannan daji. Duk binciken da za a ambata a ƙasa, ƙoƙari ne na gano abin da ke ɗora mutum a kan wannan hanya da kuma inda za a tare shi.

3.0 Ƙwayar cutar hanta nau'in B

3.1 Yadda aka gano ta

Wani likita Ba'amurke mai suna Baruch Blumberg ya shafe shekaru yana yawon duniya yana tara jinin al'ummomi daban-daban, domin ya gano bambancin da ake gada a cikin jini. Har Nijeriya ya zo a 1957, ya ɗebi jinin Fulani makiyaya da na shanunsu. Ciwon hanta ba ya cikin abin da ya fito nema. Amma a 1965 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani baƙon sinadari da suka gani a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostireliya. Cikin shekara biyu zuwa uku sai ta tabbata cewa wannan sinadari ɓawon ƙwayar cutar hanta nau'in B ne. A 1970 David Dane ya ga ƙwayar kanta da madubin likita mai aiki da lantarki a Landan. Blumberg ya sami lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka keɓe a matsayin ranar ciwon hanta ta duniya. Gwajin jinin da ake yi a asibitocinmu yau, wannan ɓawon yake nema. In aka same shi a jinin mutum sama da wata 6, to cutar ta zauna ke nan.

3.2 Binciken Taiwan

Likitoci sun lura cewa ƙasashen da wannan ƙwayar cuta ta yi yawa, nan ne ciwon dajin hanta ya fi yawa. Amma ganin abu biyu tare bai isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Domin a raba gardama, Palmer Beasley ya fara wani bincike a Taiwan a 1975. Ya gwada jinin maza ma'aikatan gwamnati su 22,707, dukkansu suna tafe da ƙafarsu, ya sami 3,454 ɗauke da ƙwayar. Sai ya zuba ido yana bin labarinsu. Da ya fitar da sakamako a 1981, mutum 41 ne ciwon dajin hanta ya kashe, kuma 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne. A lissafin wancan lokaci, haɗarin mai ɗauke da ita ya ninka na wanda ba ya ɗauke da ita sau 223. Da aka ci gaba da bin su, adadin ya sauko zuwa kusan sau 100.

Ya kamata a lura da dabarar wannan bincike. An fara ne da masu lafiya, aka raba su gida biyu bisa gwajin jini, sannan aka jira lokaci ya yi halinsa. Da marasa lafiya aka fara da su, da wani zai iya cewa ai ciwon dajin ne ya raunana su har ƙwayar ta sami shiga. Tunda ƙwayar ta riga dajin zuwa da shekaru, wannan ƙofa ta rufe.

3.3 Riga-kafi

An amince da allurar riga-kafin farko a Amurka a 1981, wadda aka tace daga jinin masu ɗauke da cutar. A 1986 aka sami wadda ake haɗawa a ɗakin gwaji ba tare da jinin kowa ba, irinta ce kuma ake amfani da ita yanzu. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984. Zuwa 1997 aka ba da rahoton cewa ciwon dajin hanta a tsakanin yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ya ragu da kusan rabi. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa allura na iya kare ɗan'adam daga ciwon daji.

A nan Afirka ta Yamma, ƙasar Gambiya ce ta karɓi babban bincike a 1986. An riƙa shigar da allurar cikin riga-kafin yara yanki bayan yanki, har ta game ƙasar a 1990. Yara fiye da 120,000 ne suka shiga lissafin, kusan rabi sun samu, rabi an haife su kafin ta iso yankinsu. Da aka waiwaye su bayan sun girma, an tarar allurar ta kare fiye da kashi 90 cikin 100 daga zaunanniyar cuta. Nijeriya ta shigar da ita cikin riga-kafin yara a 2004. Ma'anar wannan ita ce, yawancin waɗanda aka haifa kafin wannan shekara ba su samu a jarirantaka ba. Wani babban bincike na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar. A aji mai ɗalibi 50, kusan mutum 4 ke nan. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022.

3.4 Yadda take yaɗuwa

Shekarun mutum lokacin da ya kamu su ne ke yanke hukunci. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 cutar za ta zauna masa. Baligi kuwa, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunawa, sauran jikinsu kan kore ta. Shi ya sa ake son jariri ya sami allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sannan a ci gaba a sati na 6 da na 10 da na 14.

Ta jini da ruwan jiki take bi: daga uwa zuwa ɗa, tsakanin yara masu ƙuraje ko rauni, ta jima'i, ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, da kuma duk wani ƙarfe mai kaifi da aka yi tarayya a kansa. Ƙwayar kan rayu aƙalla kwana 7 a busasshen jini. Saboda haka askar wanzami da ƙahonsa, kayan kaciya da na cire beli, almakashin mai yankan farce, da sirinjin da aka maimaita, duk suna buƙatar ko a sabunta su ko a tsabtace su yadda ya kamata. Ba a ɗaukarta ta gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya, ko tari. Uwa mai ɗauke da ita za ta shayar da ɗanta matuƙar an yi masa allura.

Akwai magunguna irin su tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, waɗanda ke danne ƙwayar cutar su rage haɗarin taurarewa da daji. Galibi ba sa kawar da ita ɗungurungum, kuma ba kowane mai ɗauke da ita ne ke buƙatarsu ba. Likita ne ke tantancewa bayan ya auna yawan ƙwayar a jini da halin da hantar ke ciki.

3.5 Nau'in C

An gano wannan a 1989, kuma masana uku, Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice, sun sami lambar Nobel a kansa a 2020. Ba shi da allurar riga-kafi, amma tun daga 2013 aka sami magungunan sha da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 cikin kimanin wata 3. Ƙasar Masar, inda cutar ta yaɗu ta allurar maganin tsargiya da aka yi wa jama'a shekaru da dama da suka wuce, ta gwada mutum kusan miliyan 50 tsakanin 2018 da 2019, ta yi wa waɗanda aka samu magani. A Nijeriya binciken 2018 ya sami kashi 1.1 cikin 100.

4.0 Gubar funfuna

A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar dukkansu sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A cikin tunkuzar aka sami wata guba da funfuna ke fitarwa, aka sa mata suna afulatoksin. Wannan funfuna na son zafi da danshi, tana kama gyaɗa da masara da dawa, musamman idan fari ya wahalar da shuka ko an zuba amfani a rumbu bai bushe ba. Suya da dafuwa ba sa kashe gubar gaba ɗaya. In an ci ta da yawa lokaci guda tana kisa nan take, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu saboda gurɓatacciyar masara. In kuwa kaɗan-kaɗan ake ci, sai ta riƙa ɓata ƙwayoyin halittar hanta har su koma daji.

Wani bincike da aka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin a kan maza fiye da 18,000 ya nuna abin da ke faruwa idan guba da ƙwayar cuta suka haɗu. Wanda aka ga alamar gubar kaɗai a fitsarinsa, haɗarinsa ya ninka kusan sau 3. Mai ƙwayar B kaɗai, sau 7. Wanda ya haɗa biyun kuwa, kusan sau 60. Wato haɗarin biyu ba tarawa ake yi ba, ninkawa suke yi. Ga al'ummar da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da tuwon masara ke cikin abincinta na yau da kullum, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin farin ciki, maganin ba shi da tsada. A ƙasar Gini an gwada wasu matakai masu sauƙi a ƙauyuka 20: tsince lalatacciyar gyaɗa da hannu, shanya a kan tabarma maimakon tsurar ƙasa, tabbatar da ta bushe sarai, zubawa a buhun algarara, da ɗora buhunan a kan katako. Rahoton 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka bi matakan ba ta kai rabin ta sauran ba. Haka kuma cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wata funfuna marar guba da ake watsawa a gona ta kori mai gubar.

5.0 Kitse a hanta

Tun da daɗewa an san giya na tara kitse a hanta ta kuma taurar da ita. Don haka idan likita ya ga irin wannan hanta, majiyyaci kuma ya rantse bai taɓa kurɓa ba, akan ɗauka ɓoyewa yake yi. A 1980 Jurgen Ludwig da abokansa a asibitin Mayo da ke Amurka suka ba da bayanin mutum 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha. Yawancinsu masu ƙiba ne, wasu kuma da ciwon sukari. Daga nan aka yarda cuta ce mai zaman kanta. A yau an ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na baligan duniya suna da kitse a hanta, sannan fiye da rabin masu ciwon sukarin manya suna da shi.

Ga yadda abin yake. Sinadarin insulin shi ne ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka. Idan teɓa ta yi yawa, motsa jiki ya yi ƙaranci, sai jiki ya daina sauraron insulin yadda ya kamata. Kitse ya riƙa malalowa daga inda aka ajiye shi zuwa hanta, ita kuma hantar ta riƙa juya rarar sukari zuwa wani kitsen. Da zarar ya wuce kashi 5 cikin 100 na hantar, an shiga cuta. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, amma wasu sukan zarce zuwa kumburi da tabo. Shi ya sa likitoci ke kallon teɓa da ciwon sukari da hawan jini da kitsen hanta a matsayin 'ya'yan gida ɗaya. Bincike ya nuna ciwon sukari kaɗai na ninka haɗarin dajin hanta kimanin sau 2.

A ƙasar Kyuba an bi mutum 293 masu wannan cuta har shekara guda suna rage ci suna motsa jiki, aka gutsiri hantarsu aka duba kafin farawa da bayan gamawa. Rahoton 2015 ya nuna waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, 9 cikin 10 kumburin ya tafi, kusan rabi kuma tabon ma ya ragu. Wato mai kilo 90 ya sauke kilo 9. Sai a 2024 ne Amurka ta amince da magani na farko da aka yi musamman domin wannan cuta, mai suna resmetirom. Ga sauran jama'a, ma'aunin da ake bayarwa shi ne kada faɗin ƙugu ya kai santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. A yi tafiya mai sauri ta minti 150 a mako. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce ƙaramin cokali 12 a rana. Babbar kwalbar lemo guda na iya cinye wannan kason duka.

6.0 Yadda ake gano ciwon dajin hanta

Alamomin da ke kai mutum asibiti, irin su ciwo a gefen dama, kumburin ciki, rama, da rawayar ido, galibi sai ƙarin ya girma suke fitowa. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara bayanan majiyyata fiye da 2,500 daga manyan asibitocin ƙasashen Afirka har da Nijeriya, ya nuna cewa idan aka cire Masar, matsakaicin shekarun majiyyata 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ciwon. Magidanta ne da iyaye mata a tsakiyar ƙarfinsu.

Mafita ita ce a nemi ƙarin tun bai yi magana ba. Ana amfani da abu biyu. Na farko hoton ciki, wanda jama'a ke kira sikanin. Na biyu gwajin wani sinadari a jini mai suna AFP, wanda ɗan tayi ke sarrafawa a cikin mahaifa ya daina bayan haihuwa. Masanan Rasha ne suka gano a 1963 da 1964 cewa dajin hanta kan dawo da shi. Gwajin bai isa shi kaɗai ba, domin wasu masu dajin ba ya hawa a jininsu, sannan yakan hau ga mai juna biyu ko mai kumburin hanta. A Shanghai an raba masu ciwon hanta 18,816 gida biyu, aka riƙa yi wa gida ɗaya gwajin biyu duk wata 6. Sakamakon 2004 ya nuna mutuwa daga dajin hanta ta ragu da kashi 37 cikin 100 a gidan da ake dubawa, duk da cewa da yawansu ba sa zuwa a kan kari. An zaɓi wata 6 ne saboda ƙarin kan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin ya ninka girmansa.

In aka ga wani abu a sikanin, sai a tura mutum babban hoto na CT ko MRI, a zuba masa wani ruwa ta jijiya. Dajin hanta kan yi saurin shan ruwan ya yi haske, ya kuma riga sauran hantar sakinsa. In da shakka, sai a gutsiri ɗan nama da allura a duba. Ƙaramin ƙari ana iya yanke shi, ko a ƙona shi da allura mai zafi, ko a dasa wa mutum wata hantar. Likitocin birnin Milan na Italiya sun nuna a 1996 cewa in ƙarin ɗaya ne bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba, kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe suna raye bayan shekara 4. Wannan bibiya ta wata shida-shida ba ta kowa da kowa ba ce. Ta masu taurarriyar hanta ce da masu ɗauke da ƙwayar B, kuma ga 'yan Afirka ana ba da shawarar farawa tun da ƙuruciya.

7.0 Darasi ga ɗalibin harshe

A 2023 masana 236 daga ƙasashe 56 suka amince a sauya sunan Turanci na cutar kitsen hanta. Dalilinsu shi ne tsohon sunan yana ambaton giya, yana kuma ɗauke da kalmar da masu ƙiba ke ji kamar gori. Idan likitoci za su ɓata lokaci haka a kan suna, mu da harshe ne sana'armu mun fi cancanta. Ga wasu wurare da mai fassara kan yi tuntuɓe:

(a) Shawara da ciwon hanta. Shawara alama ce. Zazzaɓin cizon sauro, sikila, da tsakuwar matsarmama duk suna kawo ta, kuma da wannan kalma muke kiran wata cutar daban da sauro ke yaɗawa. Akasarin masu ɗauke da ƙwayar B kuwa idonsu fari fat. Wanda ya ji an ce "gwajin shawara" zai ce shi lafiyarsa ƙalau, ya ƙi zuwa.

(b) Mai ɗauke da cuta da majiyyaci. Na farko yana da ƙwayar amma yana harkokinsa, mai yiwuwa har tsufa. Tunda Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da ciwon hanta, wannan bambanci na iya tsayar da aure ko ya rusa shi. Abin da ya kamata dangi su ji shi ne, ana iya yi wa ɗayan allura uku cikin wata 6 ya sami kariya, 'ya'yansu ma haka.

(c) Ƙari, daji, sankara, kansa. Ba kowane ƙari ne daji ba. Daji shi ne wanda ke cin naman da ke kusa da shi ya kuma yaɗu. Kalmar "daji" kan kai tunanin wasu ga iskoki ko jifa, sai a ɓata watanni ana hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Yana da kyau duk inda aka ambace ta a biyo ta da jimla ɗaya mai bayyana cewa ƙwayoyin jikin mutum ne suka ƙi daina hayayyafa.

(d) Sau da kashi. "Haɗari ya ninka sau 100" ba ya nufin kowa zai kamu. A binciken Taiwan, 40 ne cikin 3,454 suka mutu a shekarun farko. Haka "ya ragu da kashi 37" daban yake da "ya ragu zuwa kashi 37". Tsakanin "da" da "zuwa" akwai rayukan mutane.

(e) Magani da warkewa. Kalmar "magani" ta haɗa mai dannewa da mai warkarwa. Na B dannewa yake yi, na C warkarwa. Wanda bai gane haka ba zai daina shan ƙwaya da zarar ya ji ƙarfi, abin da kan sa cutar ta taso da ƙarfin gaske.

(f) Sakamakon gwaji. Kalmar "fozitif" da ake rubutawa a takarda, a Turancin yau da kullum abu mai kyau take nufi. A nan kuwa nufinta an sami ƙwayar. Mai fassara ya ce "an samu" ko "ba a samu ba", kada ya ce "ya yi kyau".

8.0 Kammalawa

An ga yadda bincike daga Taiwan da Gambiya da Shanghai da Gini da Kyuba ya nuna cewa dajin hanta ƙarshen wata doguwar tafiya ce, kuma akwai inda za a tare ta a kowane zango: allura ga jariri a ranar haihuwa, gwaji ga baligi, bushewar gyaɗa da masara kafin ajiya, rage teɓa, da sikanin duk wata 6 ga wanda ke cikin haɗari. Masu iya magana sun ce riga-kafi ya fi magani. Sai dai riga-kafin ba zai isa ga jama'a ba sai ta harshen da suke ji, da kalmomin da ba za su ɓatar da su ba. Shawarar da za a ba ɗalibai 'yan'uwa ita ce, kowa ya fara da kansa, ya je asibitin makaranta ya nemi gwajin ciwon hanta nau'in B. In ba a samu ba, ya karɓi allura. In an samu, ya ga likita, ya kuma kai iyalan gidansu a gwada su. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.